Idan wuta ta lashi baka wajen gashi

Mai sassaƙa bakan harbi ba ya rabuwa da wuta. Sandar dargaza ko gora ba kasafai take zuwa a miƙe ba, sai an gasa ta a kan garwashi an danne da gwiwa. A nan ne hankali kan ɗauke na ɗan lokaci, sai kawai ka ji ƙauri.

Me ya sa ake kai itacen wuta tun farko?

Zafi yana tausasa sinadarin da ke riƙe da zaren itace, sai sanda ta yarda a tanƙwara ta, idan ta huce ta tsaya a yadda aka bar ta. Itace mai danshi yana laushi tun wajen digiri 100 na Selsiyos, amma idan aka doshi 300 gawayi ya fara zama. Garwashi kuwa ya fi haka zafi nesa ba kusa ba.

Na ga tabon ƙuna, bakan ya lalace ke nan?

Duba inda tabon yake tukuna. Baka yana da ciki, wato gefen da ke kallon maharbi, da kuma baya, gefen da ke kallon abin harbi. Idan ka ja tsirkiya cikin yana matsewa, bayan kuma yana miƙewa. Cikin da ya yi ja-ja kamar soyayyar gyaɗa bai lalace ba, masu yin baka a Turai da Amurka ma da gangan suke gasa shi don ya ƙara tauri. Bayan ne abin tsoro. Zaren da ya ƙone ba ya jure ja, kuma daga nan baka yake fashewa, sau da yawa ba tare da gargaɗi ba, a daidai lokacin da tsirkiya take kusa da fuskarka. Ni dai ba na yarda da bakan da bayansa ya yi baƙi, komai kyansa.

Yaya zan gane zurfin ƙunar?

Bar shi ya huce, sannan ka kankare wurin a hankali da kaifin wuƙa ko fasasshiyar kwalba. Idan bayan ja biyar ko shida launin itace ya fito, kuma abin da ke zuba yana nannaɗewa, ƙunar sama-sama ce. Idan baƙin gari ne yake zuba, ko farce yana shiga wurin, ta yi nisa. Ka karkata shi a hasken rana, tsaga ƙanana da suka gitta zaren itacen sun fi baƙin kansa muni.

Kankarewa ba za ta rage masa ƙarfi ba?

Za ta rage, fiye ma da yadda ake zato. Cire kashi 1 cikin 10 na kaurin reshe, wato ɓangaren baka na sama ko na ƙasa da mariƙi, yana zubar da sama da rubu'in ƙarfinsa a wurin. Kada ka haƙa rami a kan tabon kaɗai, don nan ne zai riƙa lanƙwasa har ya karye. Baza kankarar sama da ƙasa, ka rage ɗaya reshen daidai da haka, ka haƙura da baka mai sauƙin ja.

Yaushe zan ɗaura tsirkiya?

Ba ranar ba. Wuta ta kori danshin itacen, ya zama mai saurin karyewa. Ajiye shi a inuwa kamar mako guda, a lokacin hunturu ma ka ƙara kwanaki. Sannan ka ja kaɗan-kaɗan, kana saurare. Ƙara "ƙas" ko ɗaya ta isa ka tsaya.

Naɗa masa fata zai cece shi?

Ɗanyar fata ko jijiya da aka manna tana hana ɗan sili tashi, idan lasa ce kawai wuta ta yi wa bayan. Ba ta mayar da zaren da ya riga ya zama gawayi.

To yaya zan kauce wa wannan nan gaba?

Jira harshen wuta ya mutu, ka yi aiki da rushi. Shafa man kaɗe ko kitse a wurin don zafi ya bazu, ka rufe bayan da jiƙaƙƙen tsumma, hannunka kuma kada ya daina motsi. Idan lanƙwasar babba ce, turara sandar a bakin tukunyar tafasasshen ruwa, wajen awa 1 ga kowane inci na kauri. Tururin buɗaɗɗiyar tukunya ba ya wuce digiri 100, don haka ba ya ƙona itace.