Waiwaye: Roquefort, ƙauyen da doka ta ɗaure sunansa a gindin dutse

A kudancin Faransa, cikin lardin Aveyron, akwai wani ƙauye mai suna Roquefort-sur-Soulzon, wanda ya yi suna da cukun nonon tumaki, mazaunansa ba su kai mutum 700 ba. Gidajensa sun manne da gindin dutsen Combalou. Yankin tudu ne na farar ƙasa, ruwan sama na sauka sai ya zurare ya ɓace cikin duwatsu, saboda haka alkama ba ta yin albarka a zo a gani. Tumaki ne kaɗai ke jure wa wurin. Yau Faransanci ake yi a garin, amma kakannin mutanen da yaren Occitan suka yi kiwonsu.

Arzikin garin a ƙarƙashin ƙasa yake. Tun zamanin da ba a san farkonsa ba wani ɓangare na dutsen ya rufta, ya bar kogwanni da tsagogi waɗanda mutanen wurin ke kira fleurines. Iska na ratsa tsagogin nan dare da rana, sanyin ciki na tsayawa wajen digiri 8 zuwa 10 duk shekara, ga laima ta ko'ina. A nan ake nunar da cukun da ya ɗauki sunan garin. Wanda ya san busasshen cukun Agadas zai yi mamaki, domin wannan mai laushi ne, mai gishiri, an ratsa cikinsa da koriyar funfuna da gangan. A da a jikin burodi ake renon funfunar, a niƙe, a zuba cikin nono. Aikin kankare cukun da naɗe shi a cikin kogo kuwa mata ne suka daɗe suna yi, ana ce musu cabanières.

A 1411 Sarki Charles na Shida ya bai wa mutanen ƙauyen takardar da ta keɓe musu ikon nunar da wannan cuku. Masu jabu ba su daddara ba, har a 1666 babbar kotun Toulouse ta yanke hukuncin tara ga mai sayar da wani cuku da sunan Roquefort. A 1842 masu kogwanni suka haɗa jari suka kafa kamfanin da aka sani da Société, sana'ar ta fita daga hannun gida-gida. Dokar 26 ga Yulin 1925 ta sa Roquefort ya zama cuku na farko a Faransa da aka kare sunansa da wurin asalinsa, kuma a 1961 kotun garin Millau da ke kusa ta ƙara ɗaure zancen: in ba a kogwannin Combalou aka nunar da shi ba, ba Roquefort ba ne. Tarayyar Turai ta amince da wannan kariya a 1996.

Ƙa'idar da tsauri. Ɗanyen nonon tumaki irin Lacaune kaɗai ake karɓa, daga Aveyron da sassan lardunan da ke kewaye, kamar Tarn da Lozère. Sai cukun ya cika kwana 90 kafin a kai shi kasuwa, aƙalla 14 daga ciki a kogo. To a nan ne labarin ke da ɗan ɗaure kai: ƙauyen da kansa ba shi ne mai garken ba. Makiyaya na can warwatse a tudun Larzac da kewaye, a wasu garuruwa ake daskarar da nonon, Roquefort wurin nuna ne kawai. Tun 1930 makiyaya da masu kamfani suke da ƙungiya guda da suke zama su daidaita harkar nono, abin da ya hana manya murƙushe ƙanana na tsawon shekaru.

Makiyayan nan ba kanwar lasa ba ne. A 1971 gwamnati ta ce za ta faɗaɗa sansanin sojan Larzac daga hekta 3,000 zuwa 17,000. Manoma 103 suka yi rantsuwa ba mai tashi, suka loda tumaki har Paris suka sake su a gindin hasumiyar Eiffel a 1972. Shekara 10 ana ja-in-ja, sai da shugaba François Mitterrand ya hau mulki a 1981 ya soke shirin.

A 1999 kuma rigima ta zo daga ƙetare. Turai ta daɗe da hana shigo da naman shanun Amurka da ake yi wa allurar ƙiba, Amurka ta rama da harajin kashi 100 cikin 100 a kan wasu kayan Turai, har da Roquefort. Laifin wani ya shafi wani. Ranar 12 ga Agusta José Bové, wanda shi ma mai tatsar tumaki ne a Larzac, ya jagoranci manoma suka kwance ginin McDonald's, gidan cin abinci na kamfanin Amurka, da ake ginawa a Millau. An yanke masa ɗaurin wata 3, ya fito da suna a duniya. A Janairun 2009 gwamnatin Bush mai barin gado ta sanar da ɗaga harajin zuwa kashi 300, amma aka sasanta kafin ya fara aiki.

A ganina dokar ta riƙe sunan a garin, amma ba ta riƙe kuɗin ko mutanen ba. Kamfanoni bakwai ne ke yin cukun, kuma mafi girmansu, Société, tun 1992 yana hannun katafaren kamfanin nan da yanzu ake kira Lactalis, mai hedkwata a Laval, can arewa maso yammacin ƙasar. Ma'aikata da dama daga garuruwan Saint-Affrique da Millau suke zuwa da safe su koma da yamma. Ciniki ma ya ja baya daga kusan tan 19,000 a shekara da ake yi wajen 2005. Matasan Faransa sun fi son cuku mara ƙarfin ɗanɗano, ga kuma tambarin lafiyar abinci na Nutri-Score da ya jefa Roquefort a rukunin E, na can ƙarshe, saboda gishiri da kitse. A 2021 ƙungiyar makiyaya da masu kamfani ta fito ta nemi a cire cukunta daga wannan ma'auni, hujjarta ita ce ƙa'idar da ta kare sunan ba ta ba su damar sauya yadda ake haɗa shi ba.