Binciken shaguna da wayar hannu

Binciken shaguna aiki ne na taka ƙafa zuwa shago ko kanti a duba kayan da ke ciki: me aka jera a kan kanta, nawa ya rage, nawa ake sayar da shi, kuma ko wa'adinsa bai ƙare ba. Ya bambanta da aikin odita, wanda ke bin littattafan kuɗi, domin a nan kayan da kansu ake ƙirgawa. Masu yin sa sun haɗa da kamfanonin nazarin kasuwa, da masana'antu masu son sanin halin da kayansu ke ciki a hannun 'yan kasuwa, da masu manyan kantuna da ke da rassa a garuruwa, da hukumomin gwamnati. Tun daga wajajen 2010 yawancin aikin ya bar takarda ya koma kan wayar hannu, inda mai bincike ke cike tambayoyi a manhaja, ya ɗauki hoto, ya tura nan take.

Asali

Ƙidayar kaya tsohuwar al'ada ce a wurin duk mai shago. Mayar da ita sana'a, da haɗa alƙaluman shaguna masu yawa don a auna kasuwar ƙasa ɗungurungum, shi ne abin da ake jingina wa Arthur C. Nielsen. Injiniya ne, ya kafa kamfaninsa a birnin Chicago na Amurka a 1923, kuma da farko gwajin injunan masana'antu yake yi. Da tattalin arzikin duniya ya karye daga 1929, wannan ciniki ya ja baya, sai ya juya ga kayan masarufi. A 1933 ya fara bin shagunan magani, a 1934 ya ƙara da na abinci.

Matsalar da ya tarar ita ce, masana'anta ta san adadin kayan da suka fita daga ƙofarta, amma ba ta san ko sun isa hannun mai saye ba. Katan dubu na iya barin masana'anta su zauna wata da watanni a sito na 'yan sari, kamfani yana murna ya yi ciniki, alhali jama'a sun koma sayen na abokin hamayya. Dabarar Nielsen mai sauƙi ce. Ana zaɓar wasu shaguna su wakilci sauran, a yi yarjejeniya da masu su, ma'aikaci ya riƙa zuwa duk bayan wata biyu. Zai ƙirga abin da ke kan kanta da na ɗakin ajiya, ya duba rasitan kayan da mai shago ya saro tun zuwansa na baya. Kayan da aka bari a ziyarar da ta wuce, a haɗa da wanda aka saro, a cire wanda aka tarar yau, abin da ya fita shi ne aka sayar. Idan an bar gwangwanin madara 40, mai shago ya saro 100, yau aka tarar da 30, to an sayar da 110. Da yake ana ƙirga kayan kowane kamfani a shago ɗaya, sai ya yiwu a faɗi kason da kowa ya samu a cikin cinikin. Daga nan ne maganar kason kasuwa ta bazu, kuma galibi ana cewa a tsakiyar shekarun 1930 ta kafu. A 1939 kamfanin ya buɗe reshe a Ingila.

Wannan lissafi bai tsufa ba. Manhajar da mai bincike ke riƙe da ita a yau a ƙaramin shagon unguwa shi take yi.

Daga wannan zamani kuma aka gaji awo biyu da har yanzu ake aiki da su. Na farko shi ne yawan shagunan da ke da kayan, ba tare da duba girmansu ba. Na biyu yana auna shagunan da nauyin cinikinsu, ta yadda babban kanti ɗaya zai iya rinjayar ƙananan shaguna ashirin. Sabulun da ake samu a shaguna ƙalilan amma manya yana iya zama ƙasa a awon farko, sama a na biyu.

A gefe guda an samu kamfanonin da sana'arsu ita ce ƙirga wa masu kantuna kayansu, kamar RGIS da aka kafa a yankin Detroit a 1958. Akwai kuma tura mutum ya shiga shago kamar mai saye don ya ga yadda ake karɓar baƙi, abin da ake jin ya fara yaɗuwa a Amurka a shekarun 1940.

Zuwan bakod

Bakod, wato layukan nan baƙi da fari da ke jikin kwali da gwangwani, shi ya fara rage wa mai bincike aiki. Norman Joseph Woodland da Bernard Silver suka nemi rajistar ƙirƙirarsa a 1949, aka ba su a 1952, sai dai siffar tasu zagaye ce. Mai tsayayyun layuka da aka sani yau George Laurer na kamfanin IBM ya tsara, masu kantunan Amurka suka amince da shi a 1973. A ranar 26 ga Yuni, 1974 aka fara karanta shi a wurin biyan kuɗi, a kantin Marsh da ke garin Troy na jihar Ohio, a jikin ƙunshin cingam na Wrigley. Turai ta fito da nata mai lamba 13 bayan 'yan shekaru, kuma tun 2005 ƙungiyar da ke raba lambobin ke amsa sunan GS1. Lambar da aka ware wa reshenta na Najeriya tana farawa da 615.

Da na'urar biyan kuɗi ta soma rubuta kowane ciniki, kamfanonin nazari suka koma sayen bayanan kai tsaye daga kantuna. Kamfanin IRI, wanda aka kafa a Chicago a 1979, a kan haka ya ginu, kuma zuwa ƙarshen shekarun 1980 ziyarar wata biyu-biyu ta ja baya sosai a manyan kantunan Amurka.

Duk da haka na'urar ba ta ganin kayan da ke jere a kan kanta. Tana sanin abin da aka saya, ba ta sanin abin da mutum ya zo nema ya rasa. Wani nazari da Gruen da Corsten da Bharadwaj suka wallafa a 2002 ya nuna cewa a matsakaici kashi 8.3 cikin 100 na kayan da ya kamata a gani a kan kanta sun yanke, kuma mafi yawan dalilan daga cikin kantin suke, kamar jinkirin oda ko barin kaya a ɗakin ajiya. A 2008 DeHoratius da Raman suka duba bayanan kaya kusan 370,000 a rassa 37 na wani kamfani, suka tarar kashi 65 cikin 100 ba su dace da abin da ke ƙasa ba. Sata, da fashewa, da kuskuren shigarwa, da ajiye kaya a inda ba wurinsa ba duk suna raba kwamfuta da gaskiya. Shi ya sa zuwa da ƙafa bai mutu ba.

Na'urorin hannu kafin waya

Tun wajajen 1970 aka fara ganin na'urorin shigar da lamba da ma'aikaci ke ratayawa, yana tura abin da ya tara ta layin tarho. Kamfanoni irin su Telxon da Symbol Technologies suka yi suna a wannan fanni. A Birtaniya, Psion Organiser II na 1986 ya samu shiga kantunan Marks & Spencer. Na'urorin suna da tsada, kuma yawancinsu aiki ɗaya suka iya.

Yadda ake yi da waya

Fitowar iPhone a 2007 da wayoyin Android a 2008 ta tara abubuwa huɗu a aljihu ɗaya: kyamara, da na'urar gane wuri ta tauraron ɗan adam, da intanet, da manhaja. A ofis ake tsara tambayoyin da jerin shagunan da kowa zai bi. Mai bincike ya isa shago, manhaja ta ɗauki wurin da lokacin, wasu ma ba sa buɗewa sai yana tsaye kusa da shagon da aka rubuta masa. Zai karanta bakod da kyamara, ya shigar da adadi da farashi, ya ɗauki hoton kanta da firji da allon talla. Idan ya rubuta farashin da ya yi nisa da na makon jiya, manhajar ta tambaye shi ko ya tabbata. Inda babu sabis, bayanan suna zama a wayar har a samu.

Riba biyu aka fi ambata. Ɗaya sauri ne: rahoton da a da sai an tattara takardu, an kai hedikwata, an sake bugawa a kwamfuta, yanzu yana isa a ranar, kuma ana iya aika mota da kaya tun kafin mako ya fita. Ɗayar ita ce shaida. Tsohuwar cutar wannan sana'a ita ce ma'aikaci ya zauna a inuwa ya cike takardun shaguna goma daga kansa, kuma hoto mai ɗauke da lokaci da wuri ya sa hakan ya yi wuya.

Manyan kantuna suna da taswirar jeren kaya, wadda ke nuna wane kaya ke zama a wane mataki, da fuska nawa za a ba shi, wato guda nawa za a jera a layin gaba. Masana'antu kan biya kuɗi don a ajiye nasu daidai tsayin ido, don haka suna son hujjar cewa an cika alkawari. Ƙananan kamfanoni da ƙungiyoyi kuwa sukan yi amfani da manhajojin kyauta irin su ODK, wanda ya samo asali daga Jami'ar Washington a wajajen 2008, da KoboToolbox.

Gane kaya daga hoto

Kamfanoni irin su Trax, wanda aka kafa a 2010, suna amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen karanta hoton kanta. Ana haɗa hotuna da yawa su zama ɗaya, kwamfuta ta gane kowane kaya ta hanyar kwatanta shi da hotunan da aka koya mata, ta ƙirga fuskoki, ta nuna gurbin da babu komai. Fuskar gaba kawai take gani, ba ta san ko gwangwani ɗaya ne a bayanta ko goma ba. Ƙyallin gilashin firji da sauya kwali suna ruɗa ta.

An gwada mutum-mutumi mai zagaya kanti yana duba jeren kaya ma. Walmart ya fara aiki da na kamfanin Bossa Nova a 2017, ya kai su kantuna kusan 500, sannan ya soke yarjejeniyar a 2020.

Taron masu waya

A farkon shekarun 2010 aka samu manhajoji irin su Field Agent da Gigwalk a Amurka da Roamler a Holan. Suna saka ƙananan ayyuka a taswira, duk wanda ke kusa ya shiga kanti ya ɗauki hoto, a biya shi ɗan kuɗi.

A Najeriya da maƙwabta

A nan ne wayar ta fi nauyi, domin bakod bai kori mai bincike ba tun farko. Yawancin kayan masarufi a Najeriya da Nijar suna bi ne ta kasuwa, da shagon unguwa, da mai tebur, da mai shayi, inda babu na'urar biyan kuɗi, rasit ma ba kullum ba. Kaya na fita daga masana'anta zuwa dila, zuwa 'yan sari a wurare irin kasuwar Singa da ta Sabon Gari a Kano, daga nan su watsu zuwa ƙauyuka har ƙetaren iyaka. Tambayar da Nielsen ya yi a 1933, wato ko kaya sun isa hannun mai saye, tana nan daram, kuma amsarta sai an je an ƙirga. Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, kuma yaɗuwar wayoyin Android masu sauƙin kuɗi daga baya ta sa kamfani na iya ba kowane ɗan aikensa manhaja ba tare da sayen na'ura ta musamman ba.

Manhajojin da aka gina don kantunan Turai sukan yi tuntuɓe a irin waɗannan shaguna. Madara da omo da Milo a 'yar leda ake sayar da su, a rataye a igiya, ɗaya a kan ɗaya, cikin shagon da ba shi da isasshen haske. Sukari da gari da shinkafa da mudu ko gwangwani ake auna su, mai kuma a kwalba. Farashi yana bakin mai shago, yana iya sauyawa tsakanin safe da yamma ko tsakanin baƙo da ɗan unguwa. Akwai kayan da aka ba da bashi, akwai waɗanda ke ajiye a gida ko a shagon maƙwabci. Saboda haka kafin a zaɓi shagunan da za su wakilci gari, sai an bi layi-layi an yi ƙidayar shagunan kansu, an saka kowanne a taswira, kuma aikin yana buƙatar maimaici domin shaguna na buɗewa suna rufewa.

Sannan akwai amana. Mai shagon da ya ga baƙo ya ɗaga waya yana ɗaukar hoton kayansa zai iya zaton ma'aikacin haraji ne ko na hukuma. Mai binciken da ya san aikinsa sai ya yi sallama, ya gaisa, ya jira ciniki ya lafa, ya nemi izini, kuma yawanci sai ya yi zuwa da yawa kafin a buɗe masa littafin sari.

A ɓangaren magani, hukumar NAFDAC mai kula da abinci da magunguna a Najeriya ta ƙaddamar da tantancewa ta saƙon waya a 2010: mai saye ya kankare fatar da ke jikin kwali, ya tura lambar, a amsa masa ko maganin na gaske ne. Kamfanin mPedigree na Ghana yana cikin waɗanda suka fara irin wannan tsari.

Saɓani

Ana iya yaudarar na'urar gane wuri da wasu manhajoji, kuma ma'aikaci na iya gyara kanta kafin ya ɗauki hoto. Kamfanoni na ɗaukar bibiyar wuri a matsayin tabbatar da aiki, wasu ma'aikata na ganin ta sa ido ce da ta wuce kima. Ana kuma jayayya kan ladan da ake biyan masu aikin ɗai-ɗai, idan aka cire kuɗin mota da data da caji. Hotunan da suka kama fuskar mai shago ko ta masu saye suna shiga ƙarƙashin dokokin kare bayanan mutane, irin wadda Najeriya ta kafa a 2023.