Mene ne MicroLED, kuma me ya sa yake da ɗan karen tsada?

Duk mai bibiyar labaran sababbin talabijin ya sha jin sunan MicroLED, musamman a watan Janairu lokacin baje kolin kayan lantarki na CES da ake yi a Las Vegas ta Amurka. Ana ta kambama shi a matsayin talabijin ɗin gobe, kuma ni a ganina ya cancanci yabon. Sai dai mutane da yawa ba su san abin da ya raba shi da wanda ke ɗakinsu ba, balle dalilin da ya sa kuɗinsa ya kai na gida sukutum.

Hoton da ke fuskar talabijin tarin ƙananan ɗigo ne, kowane ɗigo kuma haɗin launi uku ne: ja, kore da shuɗi. Yawancin talabijin ɗin da ake sayarwa da sunan LED, asalinsu LCD ne. Akwai fitilu a bayan allon, a gabansu kuma akwai wani shimfiɗi da ke buɗewa ko rufewa domin ya bar haske ya wuce. Komai rufewarsa, haske sai ya ɗan tsiyayo. Shi ya sa in ka kashe wutar ɗaki kana kallon wurin da aka ɗauka da dare, sai ka ga sararin sama ya yi toka-toka maimakon baƙi ƙirin.

MicroLED ba shi da fitilar baya ko kaɗan. Kowane ja, kowane kore, kowane shuɗi fitila ce mai zaman kanta, wadda faɗinta bai wuce na silin gashi ba. Inda hoto ke son duhu, fitilun wurin su mutu ɗif. Tauraron da ke kusa kuma ya haska da dukkan ƙarfinsa. OLED, wani nau'in allon talabijin, shi ma da kansa yake ba da haske, amma sinadaransa suna gajiya da yawan aiki, har tambarin tashar da ya daɗe a kusurwa ɗaya yakan bar inuwarsa a allon. Fitilun MicroLED kuwa dangin fitilun LED ne da aka sani da juriya, don haka sun fi haske, sun fi ƙarko.

Fasahar ba yau aka fara nuna ta ba. Sony ta baje kolin wani mai inci 55 tun 2012. A 2018 Samsung ta fito da The Wall mai inci 146, a ƙarshen 2020 kuma ta sa wa mai inci 110 farashin won miliyan 170 a Koriya ta Kudu, wato sama da dala 150,000.

Tsadar daga wajen haɗawa take. Allon 4K yana da ɗigo 3,840 a kwance da 2,160 a tsaye, jimilla sama da miliyan 8. Ka ninka sau uku, ka samu fitilu kusan miliyan 25. Ba a kan allon ake ƙera su ba. A kan wasu faifai daban ake yin su, sannan na'ura ta ɗebo su ta dasa kowace a gurbinta, ba tare da ta goce ba. A ce aikin ya yi kyau har kashi 99.99 cikin 100, to har yanzu akwai fitilu kusan 2,500 da suka lalace a talabijin ɗaya, kuma dole a nemo su a musanya, domin ido yana saurin gano ɗigon da ya mutu. Ga jar fitila da ƙarfinta ke raguwa sosai idan aka ƙanƙance ta. Abin da zai ba ka mamaki shi ne ƙaramin allo ya fi babba wuyar yi, tunda dole a ƙara matse fitilun. Wannan ne ya sa duk waɗanda ke kasuwa manya-manya ne, kuma da ƙananan alluna ake harhaɗa su.

To yaushe zai sauko? Masu fata suna kafa hujja da OLED. Wanda Sony ta fitar a 2007 inci 11 ne kacal, aka sayar da shi dala 2,500 a Amurka. A 2013 LG ta sayar da mai inci 55 kusan dala 15,000, bayan shekara goma kuma ana samun irinsa a ƙasa da dala 1,500. Hujjar tana da ƙarfi, amma ban gamsu cewa hanyar ɗaya ce ba. Shi OLED a kan babban gilashi ake shimfiɗa sinadaransa, sai a yanka alluna da yawa daga ciki. Masana'anta na girma, farashi na faɗuwa. MicroLED kuwa yawan fitilun da za a dasa ba ya raguwa don an gina babbar masana'anta. Ko Apple da ta sayi kamfanin LuxVue a 2014 saboda wannan fasaha, a 2024 rahotanni suka nuna ta jingine shirin sa ta a agogonta na hannu. A hasashena, sai an samu hanyar dasa fitilun da sauri kuma babu asara kafin farashin ya baro dubunnan daloli masu yawa, kuma wannan aikin shekaru ne.

Abin da ya fi damuna shi ne rikicin sunaye. Mini-LED ba MicroLED ba ne. LCD ne da aka ƙara wa dubban ƙananan fitilun baya, aka kasa su yanki-yanki domin wani yanki ya dushe yayin da wani ke haske. Talabijin ne mai kyau, kuɗinsa kuma da sauƙi. Haka Micro RGB mai inci 115 da Samsung ta fitar a 2025 a kan kusan dala 30,000, shi ma LCD ne, sai dai fitilun bayansa masu launi uku ne. Kafin ka ba da kuɗinka saboda suna, ka tambayi mai sayarwa abu ɗaya: akwai fitila a bayan allon nan? In ya ce akwai, to ba MicroLED ba ne.