Hawan Dutsen Washington a lokacin hunturu

Dutsen Washington shi ne tsauni mafi tsayi a arewa maso gabashin Amurka. Yana jihar New Hampshire, cikin jerin tsaunukan White Mountains, kuma tsayinsa mita 1,917 ne. Mutanen Abenaki, waɗanda Turawa suka tarar a yankin, suna kiransa Agiocochook, Bature na farko da aka san ya kai ƙololuwarsa kuwa shi ne Darby Field, a 1642. In aka jera shi da manyan tsaunukan duniya tsayin nan ba abin a zo a gani ba ne. Iska ce ta yi masa suna. Ranar 12 ga Afrilu, 1934, cibiyar lura da yanayi da ke kan ƙololuwar ta auna iska mai gudun kilomita 372 a awa, ba a kuwa sake auna wadda ta fi ta a doron ƙasa ba sai a 1996, a tsibirin Barrow na Ostareliya. A Fabrairun 2023 ma'aunin zafi a can ya sauka zuwa kimanin digiri 44 na Celsius ƙasa da sifili, sanyin da fata ke ji tare da iska kuma ya kai wajen digiri 78 ƙasa da sifili.

Mashigai da hanyoyin mota

Da bazara mutum na iya hawa dutsen ta kusan kowane ɓangare, har da mota ko jirgin ƙasa. Da hunturu ƙofofin kan ragu, kuma tun daga nan shirin mahayi ke farawa: tambayar farko ita ce wace hanya motar share dusar ƙanƙara ta bi. Titin motar da ke kaiwa ƙololuwa, wanda aka buɗe a 1861, yana rufe ga motocin jama'a. Titin Jefferson Notch da na Mount Clinton ba a share su, don haka mashigin da ke gab da wurin ajiye mota a watan Yuli yakan koma tafiyar kilomitoci a ƙafa a watan Janairu, tun kafin a fara hawan kansa.

Mashigai biyu ne suka rage wa akasarin mutane. Ta yamma akwai titin Base Station, mai kaiwa tashar jirgin ƙasan dutsen, inda ake kama hanyar Ammonoosuc Ravine. Ta gabas kuma akwai Pinkham Notch a kan babbar hanya mai lamba 16, a tsayin mita 620 ko kusa da haka. Nan ƙungiyar Appalachian Mountain Club, wadda aka kafa a 1876, take da masauki da cibiyar baƙi da ke aiki duk shekara, ana kuma manna rahoton yanayi da na haɗarin zaftarewar dusar ƙanƙara. Daga nan zuwa ƙololuwa bai cika kilomita 7 ba, amma hawan da ke ciki ya kai mita 1,300.

Hanyar Lion Head

Farkon tafiya daga Pinkham Notch yana da yaudara. Hanyar Tuckerman Ravine faffaɗa ce, itatuwa sun tare iska, ƙafafun waɗanda suka riga wucewa sun daddale dusar har ta yi tauri. A irin wannan ranar ƙananan ƙusoshin da ake ɗaura wa takalmi sun wadatar. In kuwa sabuwar dusa ta kwana tana zuba, sai an sa faffaɗan takalmin nan mai hana nitsewa. Wanda ya ƙi sa shi yakan lume har gwiwa, ya bar ramuka a bayansa, ramukan su daskare su zama tarkon karya ƙafa ga na baya, shi ya sa mahaya ba sa ganin mutuncin mai yin haka.

Hanyar bazara ta ratsa gangaren da dusa ke zaftarowa, saboda haka da zarar ta taru sosai, jami'an Hukumar Gandun Daji ta Amurka sukan karkatar da mutane zuwa hanyar hunturu ta Lion Head. Ita ta kauce wa mafi munin wuraren zaftarewa, amma a tsaye take ƙwarai, akwai inda sai an haɗa da hannu ana kama saiwoyi da duwatsu. Nan ake buƙatar cikakkun ƙarafa masu haƙora a ƙarƙashin takalmi, da gatarin ƙanƙara, da kuma sanin yadda ake tsayar da kai da shi in an zame. Hukumar tana da cibiya ta musamman a dutsen da ke fitar da hasashen zaftarewa kullum a wannan lokaci, bisa matakai biyar.

Sama da iyakar itatuwa

Wajen mita 1,350 itatuwa kan gajarce su ƙare, daga nan babu sauran mafaka. Akwai alluna masu launin rawaya da ke gargaɗin cewa mutane da dama sun mutu a gaba saboda sanyi, ko da bazara, a juya in yanayi ya ɓaci. Tarin duwatsun da aka jera don nuna hanya kan ɓace cikin hazo da dusar da iska ke kwasowa, har mutum ya kasa bambanta sama da ƙasa. Iskar ta fi zuwa daga yamma da arewa maso yamma, wato wanda ya hau ta gabas ba ya sanin ƙarfinta sai ya fito fili, fatar da ba a rufe ba kuwa tana iya daskarewa cikin 'yan mintoci. Ginin baƙi da ke ƙololuwa a kulle yake, haka ma masaukin Lakes of the Clouds, in ban da ɗan ɗakin gaggawa da ke ƙasansa. A Disamba rana kan faɗi jim kaɗan bayan ƙarfe huɗu, don haka gogaggun mahaya sukan tsai da lokacin juyawa tun a wurin ajiye mota, sun kai ƙololuwa ko ba su kai ba.

Ceto

Mutuwa ta farko da aka rubuta a dutsen ita ce ta wani Baturen Ingila, Frederick Strickland, a Oktoban 1849. Yau aikin ceto yana hannun Hukumar Kifi da Namun Daji ta jihar, da jami'an gandun daji, da 'yan sa-kai, kuma sau da yawa a ƙafa ake yinsa, domin jirgi mai saukar ungulu ba ya tashi cikin irin wannan iska. Dokar jihar ta ba da damar a caji wanda aka ceto kuɗin aikin in an tabbatar sakaci ne ya jefa shi. Tun 2015 ana sayar da katin Hike Safe, wanda ke ɗauke wa mai shi wannan caji, sai dai in ganganci ya yi.