Durbar zaman fada ne, doki daga baya ya shigo

Tun da UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a watan Disamban 2024, kalmar durbar ta cika gidajen rediyo da bakunan 'yan siyasa. Kowa ya ga mahaya biyar sun ci ado sai ya ce durbar. Har za ka ji mai gabatar da shiri yana fassara ta da sukuwar dawaki, alhali babu doki ko ɗaya a cikin kalmar.

Asalinta Farisanci ne, darbar. Dar ƙofa, bar kuma izinin shiga gaban sarki. Wato fada, ko zaman da sarki ke yi don karɓar gaisuwa da sauraron jama'a. Turawan Ingila sun tsince ta a Indiya, suka shirya manyan taruka da sunanta a Delhi a 1877 da 1903 da 1911. Da suka zo ƙasar Hausa suka tarar da hawan sallah, sai suka liƙa sunan ga hawan da ake shirya wa manyan baƙi, kamar na Kano a 1925 da na Kaduna a 1956 lokacin zuwan Sarauniya Elizabeth. Bahaushe ya lanƙwasa ta a bakinsa ta koma hawan daba.

Mai son ganin ma'anar ta asali tana aiki ya duba birnin Mysuru a jihar Karnataka, kudancin Indiya. Fadar da ke can an kammala ta a 1912, bayan gobara ta cinye tsohuwar ta katako a 1897. A yawancin shekara gidan tarihi ce: ka sayi tikiti, ka cire takalmi, ka zagaya ka ga zane-zane da kayan sarauta. Amma idan bikin Dasara na mabiya addinin Hindu ya ƙarato, wajen Satumba ko Oktoba, sai a hana baƙi shiga na wasu awowi, a buɗe ɗakin ajiya a fito da karagar zinare gunduwa-gunduwa: mazauni daban, matakala daban, laima daban. A haɗa su, a ɗaura mata kan zaki, sannan ta cancanci sunan simhasana, kujerar zaki. Magajin gidan sarautar Mysuru, wato gidan Wadiyar, wanda yanzu shi ne Yaduveer, ya hau ya zauna, malaman addininsu su yi addu'o'i, masu kirari su yi, fadawa su kawo gaisuwa. Wannan zaman na kwana tara, a cikin zaure, shi suke kira durbar.

Jerin gwanon da ake yi a rana ta goma sunansa daban, Jamboo Savari. Giwa ce ke ɗaukar darbuka, wato mazauni mai rumfa da aka lulluɓe da zinare, mai nauyin kilo 750, daga fada zuwa filin Bannimantap, tafiyar kusan kilomita 5. Makonni kafin ranar ake fara saba mata da kaya, da buhunan yashi ana ƙara nauyi sannu a hankali, sai darbukar katako, ana kuma harba igwa kusa da ita don kada ƙara ta firgita ta cikin taro. A da sarki ne ke zama a darbukar. Bayan Indiya ta soke gatan sarakuna a 1971, gunkin Chamundeshwari, allahiyar da mabiya Hindu ke bauta wa a can, shi ne ke hawa. Mutanen Mysuru ba sa haɗa zaman da fitar a suna guda.

Mu ma ai haka muka gada, kuma nan ne abin ke ci min rai. Muna da zaman fada, muna da hawan sallah, hawan daushe, hawan Nasarawa, hawan Ɗorayi ko na Fanisau, muna da jahi. Kowanne da ranarsa da hanyarsa da dalilinsa. Idan aka tattara su aka ce durbar, sai baƙo ya ɗauka wasan kallo ɗaya ne ake maimaitawa kwana huɗu. Masu rubuta bayani a jikin lifidi da sulke a gidajen tarihi su ne na farko da ya kamata su gyara: a rubuta hawan da ake sa kayan, da wanda ke sa su, da matsayinsa a jerin tawagar sarki.