Zaɓen magajin garin yanki a Ingila

Magajin garin yanki muƙami ne na siyasa a Ingila. Jama'a ne ke zaɓen mai riƙe shi kai tsaye domin ya jagoranci haɗakar ƙananan hukumomi da ke maƙwabtaka da juna, waɗanda suka amince su riƙa gudanar da wasu ayyuka tare, kamar sufuri da gidaje da horar da manya kan sana'o'i. Wa'adinsa shekara 4 ne. Ya bambanta da magajin gari na gargajiya da kansiloli ke naɗawa daga cikinsu na shekara guda, wanda galibin aikinsa karɓar baƙi ne da halartar bukukuwa.

Asalin muƙamin

Landan ce ta fara. Bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1998, an gudanar da zaɓen magajin gari na farko a 2000, Ken Livingstone ya lashe a matsayin ɗan takara mai zaman kansa. Sauran manyan biranen sun daɗe ba su bi sahu ba. Da aka tambayi mazauna birane 10 a 2012 ko suna son zaɓaɓɓen magajin gari, Bristol kaɗai ta ce e. Manchester na cikin waɗanda suka ƙi.

Sai gwamnati ta sauya salo. Wata doka ta 2009 ta riga ta ba ƙananan hukumomi damar haɗa kai, kuma guda 10 na yankin Manchester sun yi hakan a 2011. A watan Nuwamban 2014 ministan kuɗi George Osborne ya ƙulla yarjejeniya da shugabanninsu: gwamnatin tsakiya za ta sakar musu kuɗi da iko, su kuma su yarda a zaɓi mutum ɗaya da za a kama da alhaki. A wannan karon ba a yi ƙuri'ar raba gardama ba, kuma har yau masu suka na kafa hujja da wannan. Dokar 2016 ta buɗe hanya ga sauran yankuna. Ranar 4 ga Mayun 2017 aka yi zaɓen farko a yankuna 6, inda Andy Burnham ya ci Manchester, Steve Rotheram ya ci Liverpool, Andy Street ya ci yankin West Midlands da ya ƙunshi Birmingham, Ben Houchen kuma ya ci yankin Tees Valley da ke arewa maso gabashin Ingila.

Masu zaɓe da masu takara

A bisa al'ada ranar Alhamis ta farko a watan Mayu ake zaɓen, sau da yawa tare da na kansiloli. Rumfuna na buɗewa da ƙarfe 7 na safe su rufe da 10 na dare, kuma ana iya aika ƙuri'a ta gidan waya. Mai zaɓe sai ya kai shekara 18 kuma sunansa na cikin rajistar yankin. Bayan 'yan Birtaniya da 'yan Ireland, 'yan ƙasashen ƙungiyar rainon Ingila da ke da izinin zama su ma suna da ƙuri'a, don haka ɗan Najeriya ko Ghana ko Kamaru da ke zaune a Birmingham na iya yin rajista ya kaɗa. Tun daga Mayun 2023 dole mai zaɓe ya nuna katin shaida mai hoto a rumfa.

Mai neman kujerar zai ajiye fam 5,000, a mayar masa idan ya samu kashi 5 cikin 100 na ƙuri'un. Zai kuma kawo sa hannun masu zaɓe 100, aƙalla 10 daga kowace ƙaramar hukuma, don kada mutum ya fito da goyon bayan unguwarsu kaɗai. A Landan kuɗin fam 10,000 ne, sa hannun kuma 330. Kafin ranar zaɓe ana aika wa masu zaɓe ɗan littafi da ke ɗauke da bayanin 'yan takarar da suka biya kuɗin shiga cikinsa.

Yadda ake ƙirga ƙuri'a

Nan ne muhawara ta fi zafi, kuma ta cancanci zafin. Daga 2000 har zuwa 2022, takardar ƙuri'a na da layi biyu: mai zaɓe ya sa alama a gaban wanda ya fi so, sannan ya sa wata a gaban wanda yake so na biyu. Idan wani ya haura rabin ƙuri'un zaɓin farko, ya ci. Idan babu, sai a bar mutum biyu da ke kan gaba, a zubar da sauran, a ɗauko takardun waɗanda aka zubar a duba zaɓi na biyu da ke cikinsu a ƙara wa biyun nan. A 2021 an ga tasirin tsarin ƙarara a yankin Cambridgeshire da Peterborough. James Palmer na jam'iyyar masu ra'ayin riƙau, wanda ke kan kujerar, shi ne ya zo na ɗaya a ƙirgar farko, amma da aka haɗa zaɓi na biyu sai Nik Johnson na jam'iyyar Leba ya wuce shi.

Dokar zaɓe ta 2022 ta soke wannan tsari. Aka koma alama ɗaya, wanda ya fi yawan ƙuri'a shi ya ci, ko da bai kai rabi ba. Gwamnatin lokacin ta ce hakan ya fi sauƙin fahimta, kuma gaskiya ne cewa an riƙa samun lalatattun takardu da yawa a tsohon tsarin, musamman a Landan a 2021. Sai dai sauƙin ya zo da nasa farashin. A 2024 Richard Parker na Leba ya kayar da Andy Street a West Midlands da ratar ƙuri'a 1,508 kacal, yayin da ɗan takara mai zaman kansa Akhmed Yakoob, wanda ya gina yaƙin neman zaɓensa kan batun Gaza, ya samu sama da 69,000. Waɗannan dubban mutane ba su da ta cewa tsakanin biyun farko. A 2025 Helen Godwin ta zama magajiyar yankin Yammacin Ingila da kusan kashi 25 cikin 100. Mutum ɗaya da zai riƙe kasafin yanki guda ya kamata ya hau da goyon baya fiye da haka. A watan Yulin 2025 gwamnatin Leba ta gabatar wa majalisa ƙudirin da ya ƙunshi mayar da tsarin zaɓi biyu.

Ƙarancin masu fitowa ya ƙara wa lamarin nauyi. A 2017 kusan kashi 29 cikin 100 ne suka fito a Manchester, a Tees Valley kuwa kusan 21. Ko Landan, inda Sadiq Khan ya ci karo na uku a 2024, ba ta wuce kashi 40 da ɗoriya ba.

Abin da ke hannun wanda ya ci

Iko ya danganta da yarjejeniyar da kowane yanki ya ƙulla da gwamnati, shi ya sa ba duka magadan gari ne ke da ƙarfi ɗaya ba. Na Manchester da na West Yorkshire suna sa ido kan rundunar 'yan sanda, wasu ba su da wannan. Magajin gari ba ya kwashe shara, ba ya kula da tsofaffi da marayu. Wannan na ƙananan hukumomi ne. Shugabanninsu na zama tare da shi a majalisar haɗakar, kuma suna iya ƙin amincewa da kasafinsa idan sun haɗa rinjayen da doka ta tanada.

Inda talaka ya fi ganin aikinsa shi ne motar haya. Tun 1986 aka sakar wa kamfanoni bas-bas a wajen Landan, kowanne ya zaɓi hanyarsa ya yanka kuɗinsa. Dokar 2017 ta ba magadan gari damar karɓe tsara harkar. Manchester ce ta fara amfani da ita: a Satumban 2022 aka ƙayyade kuɗin tafiya ɗaya a fam 2 ga babba, a Satumban 2023 bas-bas masu launin rawaya na tsarin Bee Network suka fara aiki a Bolton da Wigan, kuma zuwa Janairun 2025 tsarin ya game yankin. A Tees Valley, Houchen ya cika alƙawarin yaƙin neman zaɓensa na sayen filin jirgin saman yankin a 2019.

Akwai kuma ikon da ba a rubuta a doka ba, wato murya. A Oktoban 2020, lokacin annobar korona, Burnham ya fito fili ya ja da gwamnatin Boris Johnson kan kuɗin tallafin da za a ba ma'aikatan da dokar kulle ta hana aiki. Gwamnati ta ɗora dokar duk da haka, amma ƙasa baki ɗaya ta saurare shi, ya kuma sake cin zaɓe a 2021 da 2024. A zaɓen 2025 an ƙara sababbin yankuna biyu, Lincolnshire da kuma Hull da Gabashin Yorkshire, kuma jam'iyyar Reform ce ta lashe dukkansu.