Gadon Siffofin Zangarniyar Alkama

Zangarniya ita ce kan alkama mai ɗauke da ƙwaya. Tsawonta, cikarta, gashin da ke tsirowa a jikinta da sauƙin sussukarta duk gado ne daga iyayen iri. Alkamar burodi tana da kuromosom 42 (zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado a cikin ƙwayar halitta) a rukuni uku, A, B da D, shi ya sa siffa guda takan rataya a kan ƙwayoyin gado da dama.

Tarihi

Alkamar daji da ta nuna sai zangarniyarta ta kakkarye, ƙwaya ta zube ƙasa. Kimanin shekara 10,000 da suka wuce, manoman yankin da a yau ya haɗa Turkiyya, Siriya da Iraƙi suka riƙa ajiye irin da ba ya zuba, har ya zama shi ake shukawa. Daga baya sauyi a ƙwayar gadon Q, da ke kan kuromosom 5A (na biyar a rukunin A), ya sa ƙaiƙayi ke sakin ƙwaya da duka kaɗan. Wannan ne babban sauƙin da masussuka suka samu.

A 1905 Rowland Biffen na Kambirij a Ingila ya bayyana sakamakon barbarar iri mai gashi da marar gashi. Zuriyar farko ta ɗauko marar gashi. A ta biyu kuwa, kusan ɗaya cikin huɗu ya dawo da gashinsa, daidai da ƙa'idar Mendel, masanin da ya fara gano yadda ake gadon siffofi. A 1909 Nilsson-Ehle a Suwidin ya nuna cewa jan launin ƙwaya yana iya fitowa daga ƙwayoyin gado har uku masu tara ƙarfi, inda farar ƙwaya ke bayyana sau ɗaya cikin 64. Aikin nan ya cancanci a riƙa tunawa da shi, domin shi ya buɗe hanyar fahimtar siffofin da ba su rabuwa gida biyu.

Gashi

Ƙwayoyin gado uku ke danne shi: B1 a 5A, B2 a 6B, Hd a 4A. Masana sun saɓa kan ko yana ƙara amfanin gona. An fi ganin fa'idarsa a wurin zafi da fari.

A Najeriya

Noman rani ake yi wa alkama lokacin hunturu, musamman a Kano da Jigawa. Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ce ke da alhakin inganta irinta. Legas ba ta noma ta. Jiragen ruwa ke sauke ta a Apapa don kamfanonin fulawa, masu burodin Agege su saya gari. Hausawan garin masu yin alkaki da finkaso tsabarta kawai suke gani, sai su zaɓa da launi da girman ƙwaya.